Baba Ya Ce Ya Warke, Likita Ya Ce Da Saura

Tanti Karima, salamu alaikum. Don girman Allah ki agaje ni da shawara, kuma in da hali kada ki aje takardar ga a layi, don abin da ke gabana ba ya jira. Da hannu ɗaya nake rubutu, ɗayan yana riƙe da jaririya, saboda haka ki yi haƙuri in kin ga zancen ya hau nan ya sauka can. Sunayen ma na sauya su, don garinmu in ka yi atishawa a tasha, kafin ka kai gida labari ya riga ka.

Ni metires ce, wato malama, a wata lakwal, makarantar boko, nan Dogon Dutsi. Na daɗe da aure ban samu haihuwa ba. Ciki biyu sunka zube mini, na ukun ne Allah ya tsayar, shi ma bai kai watanninsa ba naƙuda ta taso. Bakwaini na haifa. Anka sa ta cikin kwalba a asibiti, anka yanka ragon suna tana can ba ta ma san ana yi ba. Mubarika sunanta. Yanzu an sallamo mu, amma Tanti in kin gan ta sai tausayi ya kama ki, hular da na saƙa mata tun ina da ciki har yau haɗiye mata kai take. Ranar sallama ungozomar asibiti ta ja mini kunne ta sake ja: ban da taro, ban da miƙa ta hannu-hannu, duk mai tari ko mura ya tsaya bakin ƙofa. Na riƙe maganar ga da hannu bibbiyu. Ƴan barka sun yi fushi, wasu sun ce iyayin ƴan lakwal nake musu, ko a jikina. Da maƙwabta ne kawai da ban dame ki ba.

Babana ne matsalar. Astagfirullah, ji abin da na rubuta. Ba shi ne matsalar ba, bari in faɗa miki daga farko.

Baba shi ne limamin ƙauyenmu, can gefen Kore Mairuwa. Yana da wani abu da yake yi wa duk jaririn da anka haifa a zuriyarmu, shi ma wurin mahaifinsa ya gada. Za a kawo yaro yana zaune kan buzunsa, ya karɓe shi ya aza a cinya, ya tauna dabino har ya yi laushi, ya lakato kaɗan da yatsa ya shafa masa a ganɗa, sannan ya yi karatu ya tofa masa a ka da ƙirji. Haka anka yi mini, haka anka yi wa yayyena da ƴaƴansu duka. Rabin ƙauyen ma ta hannunsa sunka bi, har Fulanin rugagen da ke kewaye suna kawo nasu. A gidanmu yaron da bai hau cinyar Baba ba kamar bai gama isowa ba ne. Ni kuwa shekara da shekaru ina tsaye ina kallon ana yi wa ƴaƴan wasu, ina komawa ɗaki in share hawaye. Baba ya sani. Tun ina da ciki ya ɓoye wani dabino da wani alhaji ya kawo masa tsaraba, ya hana kowa taɓawa, wai na ɗan da ni autarsa zan haifa ne.

To bara anka gano yana da ciwon daji na jini. Yayana Nasiruddeen ke kai shi Yamai ana ƙara masa ruwan maganin da suke kira shimiyo. Maganin yana aiki, alhamdu lillahi, sai dai likita ya ce yana kassara sojojin jiki, abin da wani zai kakkaɓe da sauƙi shi sai ya zauna masa.

Da damina ta yi tsakiya sai murar ga mai zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, wadda likitoci ke ce wa girip, ta ratsa ko'ina. Maigidana Shu'aibu ya kwashe ta ina kwance asibiti, ta kayar da shi ƴan kwanaki, kafin mako ya zagayo ya koma shagonsa yana faɗa da masu babura kamar ba shi ba. Baba ma a lokacin ya kamu, amma tasa ta zo da ƙarfi, sai da anka kai shi Yamai. Sunka zura masa auduga a hanci sunka auna, sunka ce ita ce, sunka ba shi magani sunka ɗage shimiyo. Allah ya sa ya tashi. Yanzu yana cin tuwonsa, yana jan salla, yana zagaya gona yana duba gero. Ɗan tari kawai ya rage masa da safe. Kowa ya ce Liman ya warke.

Sai da sunka koma Yamai bayan makonni anka sake awon, likita ya ce ƙwayar girip ɗin tana nan ba ta fita ba. Ya ce ya nisanci jarirai da masu ciki har sai an sake dubawa. To ga inda raina ke ɓaci, Tanti. Likitan da Faransanci yake magana, Baba ba ya ji, Nasiruddeen ne ke fassara masa. Kin san mi yayan nawa ya fassara? Wai likita ya ce a ƙara hutawa. Shi ke nan! Ƙato da gemu, uban ƴaƴa, wai nauyi yake ji, wai bakinsa ba zai iya ce wa Baba yana ɗauke da cuta ba. Sannan ya kira ni a waya ya zazzage mini gaskiyar, ya ce in san dabarar da zan yi, tunda ni ce auta, ni Baba ke wasa da ni. Ya sauke kayansa a kaina ya tafi ya yi barcinsa. Wallahi da a gabana yake da na manta yayana ne.

Tun daga nan ban sake samun natsuwa ba. Kullum sai Baba ya kira, muryarsa garau, yana tambayar amaryarsa, don haka yake ce wa Mubarika. Wai ango ya gaji da jira, wai ko an yi masa ƙwacen mata ne a birni. Ni kuma in yi dariyar yaƙe in kawo uzuri. Na ce hanya ta lalace da ruwa. Na ce cibiya ba ta gama warkewa ba. Na ce ana mana awo. Uzurin duniya na ƙare shi. Shekaranjiya sai ya ce tunda amarya ta ƙi zuwa, ango zai zo da kansa: Juma'a mai zuwa ana saukowa daga masallaci zai hau bayan babur ɗin Nasiruddeen su taho, don mako na gaba za a koma da shi Yamai. Sai ya rage murya ya ce wannan tafiyar bai san yadda zai dawo ba, yana so ya sauke wannan nauyi tun yana da ƙarfin ɗaukarta. Na kashe wayar na zauna na yi kuka har nono ya jiƙa mini riga.

Na gwada ta wajen Innata, Adama. Ban ma kai ƙarshe ba ta tare ni. Ta ce murar da hanci ya bushe ai ta wuce, kowa ya san haka. Ta ce ita ba ta taɓa jin inda tofin ayar Allah ya sa wa yaro ciwo ba. Ta ce in dai ƙyamar ubana nake don ya rame gashinsa ya zube, in fito fili in faɗa. Ni, Tanti? Ni da na yi hutun lakwal gaba ɗaya ina wanke masa kwanon amai? Tun ranar in na kira ta, gaisuwa kawai, sai ta ce tana aiki.

Shu'aibu kuwa ya ce shi ba zai iya buɗa baki gaban surukinsa ba, ko a mafarki. Amma ya dube ni ya ce in wani abu ya samu yarinyar ga, sai bai ƙarasa ba. To ya ƙarasa mana! Kowa ya noƙe, an bar ni tsakiya da jego a jiki.

Na ɗauki waya in kira Baba na aje ya fi a ƙirga. Wani lokaci in ce ranar Juma'a in goye ta in tafi gidan ƙawata, in sun zo a ce mun tafi awo. Sai in tuno tsoho mara lafiya ya sha hanya kan babur ya tarar da ƙofa a rufe, sai in fasa. Wani lokaci in ce in bar shi ya yi, Allah ke tsarewa, ai minti nawa ne. Sai in dubi ƙirjinta yana ɗagawa yana sauka, ɗan mitsitsi, in tuna ƙarar na'urar asibiti, sai in ji ko kusa ba zan iya ba. In zauna in tashi, in leƙa ta, in dawo. Abinci ma a tsaye nake ci.

Ki gaya mini gaskiya Tanti. Wai da gaske ne mura tana daɗewa haka a jikin mutum bayan ya warke? Ta yaya Shu'aibu ya rabu da ita cikin mako, Baba kuwa har yau? Ko likitan ne ke da tsoro? In kuma gaskiya ne, sai yaushe? In na hana shi ya tafi Yamai bai dawo ba, ina zan sa kaina? In na bar shi ta kamu fa? Kuma da wane baki zan ce wa ubana kada ya taɓa jikarsa?

Taki cikin damuwa,
Mai jego, Dogon Dutsi

Ƴata mai jego,

Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya raya Mubarika. Na tsallake da takardarki gaban layi kamar yadda kika roƙa, kuma zan fara da amsar da kike jira kafin bayani: ranar Juma'a kada yawun kowa ya shiga bakin yarinyar nan, kada a yi mata tofi a fuska, kada ta hau cinyar Baba. Ba yanzu ba.

Ni ba likita ba ce, don haka na kai tambayarki wajen wata likitar yara da na sani. Ga abin da na fahimta. Babban mutum mai lafiya, in girip ta kama shi, yakan fara yaɗa ta tun kafin ya ji a jikinsa, ya ci gaba har wajen mako guda, daga nan sojojin jikinsa su share ta. Labarin Shu'aibu ke nan. Ƙananan yara sukan ɗan wuce haka. Amma wanda magani ko ciwo ya raunana wa sojojin jiki, kamar masu shan shimiyo, jikinsa yakan iya danne ciwon har ya ji sauƙi, ya kasa korar ƙwayar gaba ɗaya. Sai ta zauna a hanci da maƙogwaro tana fita cikin tari da yawu har tsawon makonni, wasu ma an ga ta kai watanni. Kuma ba lalle ne ya yi zazzaɓi ba. Saboda haka bushewar hanci, wadda Inna ta dogara da ita, alama ce mai kyau ga yawancin mutane, amma ga Baba ba ta isa hujja ba.

Don in yi adalci, likitar ta ce ba duk wanda awo ya nuna ƙwayar a jikinsa ne zai harbi wani ba, wani lokaci ragowarta ce awon ke gani. Mai yiwuwa a yi komai ranar Juma'a a tashi lafiya. Amma ba wanda zai iya ba ki tabbacin haka da ido, kuma wadda za a gwada a kanta bakwaini ce da huhunta bai gama ƙwari ba, ba ta kuma kai watannin da ake yi wa yaro rigakafin wannan mura ba. Abin da ya kwantar da mijinki ƴan kwanaki, ita yana iya mayar da ita asibiti. Tambayarki ta sai yaushe kuwa, ba ni da ranar da zan ba ki, kuma duk wanda ya ba ki rana daga nesa kada ki karɓa. Likitan Baba ne zai faɗa bayan ya sake awo.

Yanzu mu koma wajen Baba, don shi ma yana da hakki, kuma ina ganin an tauye masa shi. Kin lura duk cikinku ba wanda ya gaya masa gaskiya? Kuna ta shawara a bayansa, kowa yana tsoron abin da zai ce, alhali mutumin bai ƙi komai ba, don ba a ba shi abin da zai ƙi ko ya karɓa ba. Jikinsa ne, saƙon likita nasa ne. Nasiruddeen ya yi abin da ƴaƴa da yawa suke yi in an sa su tafinta tsakanin likita da iyaye, su rage magana don kunya. Na san daga ladabi abin ya fito, amma kuskure ne, kuma shi zai gyara, ba ke kaɗai ba. Ki tuna kuma ba Mubarika ce kawai jaririya a ƙasar nan ba. Kin ce har daga rugage ake kawo masa. Su ma ƴaƴan wasu ne, kuma duk taron da ya shigo masa yana iya kawo masa wani ciwon shi kansa.

Ga abin da za ki yi, kuma yau, kada ki kai jajibiri. Ki kira yayanki ki ce ya samu Baba shi kaɗai, ba a ƙofar masallaci ba, ba gaban Inna ba, ya zauna kusa da shi sannan ya kira ki. Shi zai fara, ya maimaita maganar likita yadda take, ba ragi. In da hali ya nemi wani ma'aikacin asibitin mai jin Hausa ya yi wa Baba bayani ta waya, ya ji da kunnensa. Sannan ke ki karɓa. Kada ki zo masa da doka. Ki gaya masa yadda aka ja miki kunne a kan yarinyar, ki gaya masa kin rasa yadda za ki yi, ki ce kin kawo masa ne ya yanke. Mutumin da gari guda ke kawo wa matsala ya warware, ki ba shi wannan ma. Kada ke ki je ƙauyen da kanki, don kina iya kwaso abin ki kawo mata.

Batun goye yarinya ki gudu gidan ƙawa, ki cire shi daga ranki. Ƙofa a rufe za ta yi masa ciwon da gaskiya ba za ta yi masa ba, kuma wata Juma'ar ina za ki gudu?

In ya ji bayani ya ce duk da haka yana so ya gan ta, to a fara tambayar likitansa ko jikinsa zai ɗauki tafiyar babur a wannan damina. In an yarda, a yi abin a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, ba cikin ɗaki ba. Ya sa takunkumi ya rufe hanci da baki, ya zauna da ƴar tazara, ke ki riƙe ta ki buɗe masa fuskarta ya kalli amaryarsa, ya yi mata duk addu'ar da ke bakinsa. Ban da taron ƴan rakiya. Nan ne aikin Shu'aibu: in ba zai iya magana da suruki ba, ai zai iya tsayawa a zaure ya tare maƙwabta. In kuma tafiyar ba ta yiwu ba, ku nuna masa ita ta waya. Dabinon kuwa ya ci gaba da ajiyarsa. Likitar ta ce bakwaini a wannan matakin, ko daga bakin mai cikakkiyar lafiya ba a so a sa mata komai ban da nono.

Inna kuma kada ki ja da ita a kan tofi, ba za ki ci riba ba, kuma ba ayar ce ake tuhuma ba, yawun ne. Matar nan tana kallon mijinta yana ramewa a gabanta, duk wanda ya ce da sauran ciwo a jikinsa ji take kamar ya yi masa mugun baki. Ki ci gaba da kiranta kina gaishe ta ko da amsar a taƙaice ce. In Baba ya gamsu, shi zai sauko da ita.

A gida ki dage da nono, kowa ya wanke hannu kafin ya taɓa ta, ku tambaya a asibiti ko ana samun rigakafin girip na manya. In kika ga jikinta ya yi zafi ko ya yi sanyi, ko numfashi ya yi sauri, ko tana ɗauke shi, ko ta ƙi kama nono, ko leɓenta ya sauya launi, ki kama hanyar asibiti a take, kada ki jira kowa ya dawo daga kasuwa.

Saura tambayar da ta fi ci miki rai. Ba zan yaudare ki ba, ƴata. Mai yiwuwa a sake awo a ce ta fita, ya ɗauki jikarsa kafin a gama girbi. Mai yiwuwa kuma abin da kike tsoro ya faru, ya tafi bai ɗauke ta ba. Ban da ikon ɗauke miki wannan. In ya faru zai yi ciwo, amma ba zai zama laifinki ba, kuma ba zai mayar da abin da kika yi kuskure ba. Abin da nake so ki tuna kafin ki ɗaga waya shi ne, mahaifinki liman ne. Ba sunan jarirai kawai ya raɗa a ƙauyen nan ba, ya tsaya a kan ƙananan likkafanai da yawa, ya ga iyayensu mata da idonsa. Ya fi ku duka sanin abin da kike gudu. Ban yi tsammanin mutum irin wannan zai ji gaskiya ya zaɓi al'adarsa a kan numfashin jikarsa ba. Abin da zai fi ɓata masa rai shi ne ya gane daga baya kun san haɗarin kuka bar shi ya miƙa hannu.

Ki kira shi yau. Allah ya ba Baba lafiya mai ɗorewa, ya ƙarfafa Mubarika, ya sanyaya zuciyar Inna, ke kuma ya ba ki bakin magana da barci mai daɗi.

Taki,
Tanti Karima